Saƙon da Ya Fito da Sunana

Ishaku, Rahila, da kai Ayuba autanmu, saboda wannan babin na ɗauki biro tun farko. Sauran abubuwan da na rubuta muku, na aikin jirgin ƙasa da na yadda na haɗu da mamanku, kun sha jin su a tsakar gida. Wannan kuwa ba ku taɓa ji daga bakina ba. Daga bakin wasu kuka ji, can Jos da Kaduna inda kuke karatu da aiki a lokacin, kuma na san yadda aka ba ku shi: wai babanku ya aika saƙon ƙarya, kasuwa ta watse, aka kwashe cittar mutane. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, kuma rashin tambayar nan ya fi ci mini rai. Yanzu wadda na yi shiru dominta ta kwashe iyalinta ta koma Enugu, ta kuma ce mini da bakinta in faɗa.

A shekarun nan ƙasarmu ba ta zauna lafiya ba. Yau a ji an shiga wani ƙauye, gobe a ji ƙarya ce, jibi kuma a ji gaskiya ce a wani ƙauyen dabam. Waya ta zama abin tsoro, domin ko wane ne yana iya tura magana ta zagaye gari kafin a san tushenta. Shi ya sa dattawan unguwarmu a nan Kafanchan da na ƙauyukan da muke noma suka kafa kwamitin tsaro. Kawunku Danladi, yayan mamanku, shi aka yi wa ciyaman, shi ne kuma ciyaman ɗin ƙungiyar manoman citta. Ni an sa ni ciki saboda na yi ritaya ina da lokaci, ina kuma cikin dattawan ikilisiya. Abin da kwamitin yake so shi ne hanyar ba da labari wadda za a san wanda ya faɗa. Wadda ta yi mana ita Nkechi ce, 'yar Mista Okoro wanda ya koya mini aiki a tasha. A kwatas ɗin reluwe aka haife ta, Hausarta ta fi tawa fita, ta yi shekaru tana aikin kwamfuta a Legas, ta dawo gida domin jinyar mahaifiyarta. Ba ta karɓi komai ba. Ta sa mana manhaja a wayoyinmu, mu 'yan kwamiti da wakilan ƙauyuka, muka sa mata suna Ƙararrawa. Idan ka rubuta abin da ka gani ka danna jan maɓalli, a take wayar kowa za ta yi kuka, ga saƙon, ga sunanka a samansa.

Ta yi mana amfani, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sai dai tun a farkon damina wani ɗan abu ya riƙa faruwa da ni wanda na ɗauka abin dariya ne. Wata rana bayan sujada wakilin wani ƙauye ya kama hannuna yana godiya, wai na kyauta da na sanar da su gada ta karye, da motar taki ta faɗa rafi. Ni kuwa ban san gadar ta karye ba. Na ce masa ba ni ba ne, ya ce ai sunana ya gani. Wani kuma ya gode mini kan labarin shanun da suka ɓata. Na dawo gida na ba mamanku labari muka yi dariya, ta ce ai tsofaffi ne, ba sa gani sosai, duk baƙi ɗaya ne a wurinsu. Ban faɗa wa Nkechi ba. Ban ga abin faɗa ba.

Bayan an haƙe citta an shanya ta, ƙungiya ta tara buhunan mambobi a sito da ke bakin kasuwar mako ta ƙauyen kakanninku, ana jiran farashi ya tashi. Ran kasuwa, rana na tsakar ka, ina gonata ta ƙarƙashin dutse ni kaɗai ina tattara karan dawa, waya na cikin aljihun rigar da na rataye a reshen ɗorawa. Na ji ta yi kuka. Kafin in wanke hannu in ciro ta, kira ya fara shigowa. Abin da na gani a fuskarta shi ne: an ga mutane da bindigogi kan babura sun nufo kasuwa, kowa ya gudu. A samansa kuma, Bulus Dogara. Na tsaya ina kallon sunana kamar ban iya karatu ba.

Babu wasu masu bindiga. Amma kasuwa ta watse cikin ƙiftawar ido, mutane suka bar kaya suka shiga daji, masu gadin sito ma suka bi su. Da aka dawo la'asar, an ɓalle ƙofar sito, an kwashe mafi yawan buhunan, ga sawun tayar babbar mota a bayan ginin. Noman shekara guda na gidaje da dama. Wannan ma bai kai ɗayan ciwo ba. Mama Talatu, tsohuwar nan mai sayar da gwaten acca wadda take ba ku kyauta kuna ƙanana, an ture ta cikin gudu, aka bi ta kanta, ƙugunta ya karye. Ba ta sake tafiya da ƙafarta ba.

Washegari kwamiti ya zauna a ajin makarantar coci. Ba a ba ni kujerar da na saba zama ba, an ajiye mini benci a gaba. Kawunku ne ya yi tambayar.

"Bulus, wa ya gan ka a gona?"

"Ba kowa, Yaya. Ni kaɗai ne."

"Wayar tana hannun wa?"

"Tana aljihuna. Amma ban taɓa ta ba sai da ta yi kuka."

Aka kira Nkechi aka tambaye ta ko wani zai iya aika saƙo da sunan wani. Ba ta dube ni ba. Ta ce kowa da lambar sirrinsa, kuma abin da kwamfuta ta rubuta shi ne sunana. Wani daga baya ya ce da Hausarsu ta ƙauye, "To mashin ba ya da dangi, ba ya ƙarya." Na kawo zancen gada da na shanu, aka ce ai wannan ya nuna na daɗe ina wasa da abin. Ba a kai ni wurin 'yan sanda ba, domin ba a sami buhu ko ɗaya a gidana ba, kuma Fasto ya roƙa. Amma an cire ni daga kwamiti, an goge Ƙararrawa daga wayata, aka ce in ɗan dakata da zama a kujerar dattawa har a ga abin da Ubangiji zai bayyana.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni a zamana da mamanku, kuma ba mutanen waje ne suka sa su muni ba. Ni na san ban aika ba. To wa ya aika? Tunda kwamfuta ta ce daga wayata ne, sai na fara lissafa hannuwan da suka taɓa wayar. Akwai mai shagon caji a bakin titi, inda nake kai ta idan babu wuta. Na daina gaishe shi, na riƙa tsayawa daga nesa ina kallon waɗanda suke zama a bencinsa. Akwai Nkechi, wadda duk lambobinmu suna hannunta, ƙanenta kuma yana da shago a kasuwa, ya san 'yan kasuwar da ke sayen citta su kai kudu. Akwai kuma mamanku. Ita ta san lambata, domin ita take karanta mini saƙo idan na manta tabarau. Na tuna ran kasuwar da safe ta riƙe wayar tana neman lambar Rahila. Na san saƙon da rana ya fita, na san wayar tana tare da ni a lokacin, amma zuciya idan ta fara wannan aikin ba ta jin bayani. Na canza lambar ban gaya mata ba. Ta gane.

Ita ma tana da nata zargin. Ina ganin yadda take duban ɗakin ajiyarmu idan ta wuce. Wata rana na dawo na tarar an motsa buhunan masara an mayar ba daidai ba. Da yamma muna cin tuwo ta ajiye lomarta ta ce:

"Baban Ishaku, ni matarka ce. In wani ne ya ce ka ba shi wayar na ɗan lokaci, ka faɗa mini. Ba zan kai ko'ina ba."

"Saratu, kin duba ƙarƙashin masara. Me kika samu?"

"Kai kuma da ka canza lamba, me ka samu?"

Daga nan muka ci gaba da cin abincin, kowa na kallon kwanonsa. Injin niƙanta da mata suke layi a gabansa ya koma sai ta wuni ba ta tayar da shi ba. A zumuntar mata an daina ba ta jagorar waƙa. Ba ta taɓa kawo mini ƙarar ko ɗaya ba, a bakin maƙwabta nake ji.

Abin da ya warware rabin maganar ya zo ne ta hanyar da ta ba mutane dariya. Wata Lahadi Fasto yana kan bagade yana wa'azi, hannu ɗaya riƙe da Littafi, ɗayan yana nuna sama, sai wayoyin 'yan kwamiti suka yi kuka tare. Wasu har sun miƙe za su fita. Da aka duba, saƙon cewa yake gwaji ne kawai, kada kowa ya damu, a samansa kuma sunan Fasto. Fasto ya laluba aljihunsa ya ciro wayar yana jujjuya ta, jama'a suka fashe da dariya, aka ce cinyarsa ce ta danna. Ni ina can bencin baya inda na koma zama, ban yi dariya ba. Na waiwaya sashen mata, na tarar mamanku ma ni take kallo.

Ranar Talata da la'asar Nkechi ta yi sallama a ƙofarmu, riƙe da kwamfutarta ta hannu. Tun ranar zaman kwamiti ba ta tako gidan ba. Mamanku ta ba ta kujera ba ta ba ta ruwa ba. Ta ƙi kujerar, ta durƙusa a gabana, mace mai 'ya'ya manya.

"Baba, gwajin nan na ran Lahadi ni na aika. Daga wayata, a ɗakina, domin ranar ban je coci ba. Ya fita da sunan Fasto. Tun ranar nake bin abin layi layi. Ba kai ka aika saƙon kasuwa ba. Aikina ne ya manna maka."

Na ce ta tashi ta zauna ta yi mini bayani yadda zan gane, domin na gaji da jin cewa kwamfuta ta ce. Ta buɗe abin ta nuna mini rubutun da ban fahimta ba, sannan ta rufe ta yi mini da baki. Zan ba ku yadda ta faɗa, domin na maimaita shi a raina har na haddace.

"Duk wayoyinku suna magana ne da wata babbar kwamfuta da muke kira saba. A cikinta na rubuta wasu ƙananan ma'aikata, muna ce musu masu sauraro. Kowanne yana zaune yana jiran abu ɗaya. Wani yana jiran waya ta haɗu da mu. Wani yana jiran a danna jan maɓalli. Shi wannan na biyun, idan aka danna, saƙon kawai ake miƙa masa, ba a gaya masa daga hannun wa ya fito. Ni ya kamata in miƙa masa wannan bayanin, in ɗaura shi da layin kowane mutum tun lokacin da wayarsa ta haɗu. Ban yi haka ba. Sai na yi kamar allo guda ɗaya na kowa da kowa. Duk wayar da ta haɗu, a goge sunan da ke allon a rubuta na mai ita. In saƙo ya zo, mai sauraron ya dubi allon, ya ɗauki sunan da ya tarar."

"To in mutum ya buɗe ya aika, ai sunansa ne a allon," in ji ni.

"In ya buɗe ya aika nan take, haka ne, shi ya sa yawanci yake fita daidai. Da na gwada da wayoyi biyu a teburina ma daidai ya fita. Amma in ya buɗe ya ɗan jima, wata wayar ta haɗu a tsakani, sunan wancan ne zai fita. Kai kuma, Baba, gidanka da gonarka suna ƙarƙashin dutse. Netwok yana ɗaukewa yana dawowa, wayarka tana yankewa tana sake haɗuwa da kanta ko tana aljihu. Sunanka ya fi na kowa zama a allon."

Na gane ta, domin a tasha ma ba a ajiye izinin shiga layi a kan tebur a ce direba ya duba. Ƙarfe ne ake miƙa masa a hannu, ya tafi da shi har tasha ta gaba. Mamanku ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana kuka a hankali, sannan ta fito da kofin ruwa ta ba Nkechi. Sai na yi tambayar da ta fi damuna. Na ce to yanzu ta duba ta gaya mana wanda ya aika. Ta girgiza kai. Ta ce abin da aka ajiye shi ne saƙon da sunan da aka manna masa. Ainihin layin da ya zo ta kansa ba a rubuta shi a ko'ina ba, ya tafi tun ranar. Abin da kawai za ta iya rantsewa a kai shi ne, wanda ya aika yana da Ƙararrawa a wayarsa. Wato ɗan kwamiti ne, ko wakilin ƙauye, ko wanda ya riƙe wayar ɗayansu.

Kashegari muka je gidan kawunku mu uku. Yana zaune a baranda yana sauraron rediyo. Nkechi ta sake bayanin daga farko. Ya saurara bai katse ta ba. Na zaci zai miƙe ya rungume ni, ko ya kira ƙanwarsa ya ce Allah ya wanke mijinta. Tambaya ɗaya ya yi.

"Wato mashin ɗin bai san wanda ya aika ba? Ko an kai shi Legas ba za a gano ba?"

"Ba za a gano ba, sa."

Ina kallon fuskarsa lokacin da ta ba shi amsa. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki numfashin da ya riƙe, ya jingina da kujera. Abu ne na ɗan lokaci, mamanku ta ce ba ta gani ba, amma ni na gani. Daga nan ya gyara murya ya koma ciyaman. Ya ce maganar nan ba ta fita ba ce. In aka ce Ƙararrawa tana ƙarya, ba wanda zai sake gudu ranar da gudun zai zama dole. Abu na biyu kuma, waɗanda aka kwashe wa citta suna neman wanda za su kama, in suka ji 'yar Okoro ce ta yi abin da ya ɓoye ɓarawo, ba za su ce kuskure ne ba, za su ce shiri ne, kuma kowa ya san ƙofar shagon ƙanenta. Shawararsa ita ce ta gyara a shiru, shi kuma bayan wani lokaci zai ce wa kwamiti a yafe mini.

"A yafe masa me?" in ji mamanku. "Yaya, a yafe masa me?"

Nkechi ta ce in na ce ta tsaya gaban ikilisiya ta faɗa, za ta tsaya. Zaɓin ya dawo hannuna.

Na yi kwanaki ina juya shi. Mamanku ta ce in tashi ran Lahadi in yi magana, ta ce ita ta ɗauki kunyar nan a ka ta isa, 'ya'yanmu ma suna da suna da za su ɗauka. Gaskiyarta ce. Amma ni na ga Kafanchan a ranakun da magana ɗaya take cinye layin shaguna. Na taɓa taya Mista Okoro tsince abin da ya rage na kayansa daga cikin toka, shekaru kafin a haife ka, Ayuba. Yanzu kuma ga matarsa, mahaifiyar Nkechi, tana kwance ba ta iya tashi, balle gudu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maganar kawunku daidai ce, ko da kuwa don kansa ya faɗe ta. Na ce wa Nkechi ta je ta gyara aikinta, ta bar sauran. Fasto kaɗai muka gaya wa, shi ma ya ce shirun ya fi.

Ta gyara. Ta zo ta nuna mini da wayoyi uku a kan tabarmarmu, tana kashe ɗaya tana kunna ɗaya, kowane saƙo yana fita da sunan mai shi da ƙauyensa. Ta ce yanzu kowane mai sauraro an ba shi bayanin mutuminsa a hannu tun daga haɗuwa, babu allo, kuma ana ajiye layin da kowane saƙo ya biyo. An ce wa kwamiti sabuntawa ce kawai, kowa ya kawo wayarsa. Kowa ya kawo ban da ciyaman. Ya ce tasa ta tsufa, ba ta ɗaukar sabon abu. Mamanku ta ce da gaske ta tsufa, fuskarta ma a tsage take. Na ce to.

Abin da shirun ya ci mini kun ga wani da idonku, ba ku dai san dalili ba. Ban koma kujerar dattawa ba, domin ban yarda a yafe mini abin da ban yi ba. Rahila, kin tuna bencinan da suka zauna babu kowa ranar aurenki, kika ce ko ruwan sama ne ya hana mutane. Ba ruwa ba ne. Na je gaishe da Mama Talatu da niyyar in gaya mata ita kaɗai, jikarta ta fito ta ce tana barci, alhali ina jin tarinta. Ta rasu tana ganin ni na karya ta. Kawunku kuwa, na yi shekaru ban ci abinci a gidansa ba. Ina zuwa gaisuwa, ina zuwa jana'iza, amma idona yana kan komai nasa. Da ya sake rufin gidansa na lura. Da ya sayi babur na lura. Na tambayi direbobin tasha a fakaice ko wa ya yi hayar babbar mota a makon nan, ba wanda ya tuna. Mamanku tana tsakaninmu, tana kai masa abinci ran Kirsimeti ta dawo da kwano.

Da ciwonsa na ƙarshe ya tsananta, ya aiko a kira ni asibiti. Ya sa kowa ya fita har da mamanku. Ya rame sosai, muryarsa sai na sunkuya nake ji. Na zauna a bakin gado ina jiran abin da na daɗe ina jira.

"Bulus, ka yafe mini. Na bar ka da kayan da ba naka ba."

"Na wa ne, Yaya?"

"Na san abin da kake tunani. Tun ranar barandar nan na san ka ga fuskata. Ba ni ba ne. Na rantse da Ubangijin da zan tarar, ba ni ba ne." Ya huta kaɗan. "Ran kasuwar nan wayata ba ta hannuna. Yakubu ya are ta da safe, ya ce tasa ba caji. Ya dawo da ita da yamma."

Yakubu ɗansa na fari, ɗan'uwanku, wanda a lokacin yake jigilar kaya da motocin haya.

"Ka tambaye shi?"

"Ban tambaya ba. Na ji tsoron amsar. Har yau ban sani ba, Bulus. Wataƙila ba shi ba ne. Wayoyi da yawa ne."

Wayoyi da yawa ne, wannan gaskiya ne. Na riƙe hannunsa na ce na yafe, muka yi addu'a, kwana kaɗan bayan haka ya tafi. Ban gaya wa mamanku zancen Yakubu ba sai da na zo rubuta wannan shafin, domin ban so ta karanta shi a takarda. Ta ce in rubuta, amma in rubuta daidai: ba mu sani ba.

Don haka na rubuta daidai. Ba ni na aika ba. Kawunku ya ce ba shi ba ne, kuma na yarda da shi. Yakubu ya riƙe wayar babansa ranar, iyakar abin da na sani ke nan, kada ɗayanku ya ƙara masa ko kalma. Yana zuwa gidan nan duk ƙarshen shekara da 'ya'yansa, yana kawo mini doya, yana durƙusawa ya gaishe ni. A zuwansa na bara wayarsa ta mutu, ya ce, "Baba, ara mini taka in kira direba." Na ciro ta daga aljihu, na tambaye shi lambar, na danna da kaina, na riƙe masa ita a kunne har ya gama magana.